Shekarar da Aka Cinye Hannun Ubanku

Amina da Idris, jikokina, wannan babin naku ne. Na daɗe ina ɗage shi, saboda duk sanda na zauna zan rubuta sai zuciyata ta tafasa in ajiye biron. Abin da ya sa na daure shi ne maganar da na ji da kunnena a wani suna a Camberwell, nan London. Wata mata tana gaya wa ƙawarta wai ubanku ɗan wasa ne da aka kora a ƙasarsu, ya rasa inda zai sa kansa, ya laɓe bayan uwarku Safiya don ya samu takardar zama. Idris yana tsaye kusa da su da farantinsa a hannu. Suna zaton ba ya jin Hausa don da Turanci yake ba da amsa. Yana ji sarai. To ni ina nan aka yi komai, kuma ba zan mutu in bar ku da labarin bakin mata ba.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Yun-ho, mu muka mai da shi Yunusa bayan ya musulunta. Wasan da ya yi sunansa besbol, kuma kafin in san shi ko sau ɗaya ban taɓa kallonsa ba. Mutum ɗaya ne yake tsayawa a kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani daga ɗaya ɓangaren yana riƙe da kulki yana neman ya make ta. Masu jifan iri biyu ne. Akwai wanda yake buɗe wasa, shi ne ake liƙa hotonsa a gari. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a gefe, ba a kiransa sai na farkon ya gaji ko ya jagwalgwala al'amari, abokan gaba sun cika fili, sannan a ce zo ka gyara. In ya gyara, gobe ba mai tunawa da shi. In ya kasa, shi za a zaga har a jarida. Ubanku wannan na biyun ne, kuma shi ya yi ta yi har ƙarshe.

A teburin kicin ɗina na Thamesmead ya ba ni labarin tasowarsa, da ɗan Turancinsa mai tuntuɓe, Safiya tana cike masa gurbi. A wani gari na bakin teku a Koriya aka haife shi. Ubansa ya rasu yana ƙarami, uwarsa tana sayar da miyar kifi a kasuwa. Tun bai kai ga balaga ba makaranta ta ɗauke shi cikin 'yan wasanta, aka aske masa kai, ya koma kwana a ɗaki ɗaya da sauran yara, jifa da safe, jifa da yamma, wanda ya yi kuskure a dake shi. A shekararsa ta ƙarshe a sakandare aka yi babbar gasa ta ƙasa, kocinsu ya ga babu mai hannu kamarsa, sai ya riƙa sa shi kullum ba hutu har suka kai kusa da ƙarshe. Ya ce mini a kwanakin nan ko cokali ba ya iya kaiwa baki da dama, uwarsa ce take zuwa bayan filin da ƙanƙara a leda tana ɗaure masa gwiwar hannu. Kocin ya samu ƙarin girma. Shi kuwa da manyan ƙungiyoyi suka zo ɗibar yara, suka duba hannun suka wuce shi. Ya tafi jami'a, ya sake koyon jifa daga farko, ta gefe maimakon ta sama, don ya rage wa gwiwar nauyi. Da ya gama wata ƙungiya ta ɗauke shi cikin na ƙarshe-ƙarshe. Ya yi shekaru a ƙaramar tawagarsu inda ba 'yan kallo sai kujeru, ya tafi aikin soja da ake wajabta wa mazansu, ya dawo, sannan aka hau da shi babbar tawaga. Nan ya yi shekaru masu kyau, har mutanen garin suka yi masa waƙar da suke rerawa in ya fito. Sai jijiyar nan da aka ci zalinta tun yana yaro ta tsinke, aka yi masa aiki.

A wajen jinyar ya haɗu da uwarku. Safiya ta karanci gyaran gaɓoɓi da gashin ƙashi irin na asibiti, ta yi aiki a babban asibitin Camberwell, sannan ta samu gurbin shekara biyu a wata cibiyar jinyar 'yan wasa a Koriya. Ban so tafiyarta ba, amma ban hana ba. Da ta dawo ta zaunar da ni ta gaya mini komai ba ɓoye-ɓoye: akwai wani, ya musulunta da kansa a masallacin can tun kafin ya furta mata komai, yana son ya zo gaisuwa. Na ce ya zo. Ya iso cikin hunturu, lokacin da ba sa wasa. Dogo, mai kunya, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa ba wanda ya gaya masa, ya durƙusa har ƙasa ya kira ni Umma. Na dubi Safiya na ce ke kika koya masa? Ta ce a'a, su ma kusan haka suke kiran uwa.

Kakanku Malam Sani ya riga ya rasu tun Safiya tana jami'a, don haka maganar aure sai ta koma hannun yayansa, Alhaji Kabiru na Dagenham, wanda uwarku take kira Baffa. Matarsa Hajiya Ladi kuwa ita ce aminiyata a duk London. Ita ta tare ni a filin jirgi ranar da na fara zuwa ƙasar nan, ita ta koya mini hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ita ta kwana da ni a asibiti na haifi Aminu, ƙanen Safiya. Shi ya sa na tafi Dagenham da zuciya ɗaya. Aminu ya raka Yunusa falo, ni da Ladi muna kicin, ƙofa a buɗe muna jin komai. Alhaji ya yi masa tambayoyi da Turanci, yana jefa wa Aminu na gefe da Hausa.

"Yanzu kana wasan ne ko kana jinya?"

Yunusa ya ce yana jinya, amma ƙungiyarsa ba ta sallame shi ba.

"Kuma ko da lafiyarka ma, an ce ba da kai ake farawa ba. Sai an rasa."

Yunusa ya yi ƙoƙarin bayani. Alhaji ya juya ga Aminu ya ce, "Ka ji. Ɗan benci ne." Sannan ya gyara zama ya yanke hukunci. "'Yar ƙanena amana ce a wuyana, ba zan ba wa wanda ba shi da sana'a tsayayya ba. Ka koma. In ka ƙare shekarar nan kana cikin manyan 'yan wasanku, ka dawo ni da kaina zan ɗaura."

Da muka koma gida Safiya ta ji sharaɗin, fuskarta ta canza. Ta ce hannun yana buƙatar aƙalla rabin shekara kafin ya ɗauki jifan gaske, ita ta san abin da likita ya ɗinke a ciki. Ta roƙi Yunusa ya bari a sake yi wa Baffa magana. Ya ce a'a. Ya ce a garinsu ma in babba ya gindaya sharaɗi ba a komawa neman ragi, cikawa ake yi. Ya koma ya gaya wa ƙungiyarsa ya warke. Su kuwa a shekarar masu jifansu sun yi ƙaranci, ba wanda ya tsaya dogon bincike. Aka mai da shi babbar tawaga tun farkon bazara.

Wasanninsu na yamma da hantsi suke faɗowa a nan London. Haka na zama 'yar kallon besbol da tsufana. Safiya ta saita mini kwamfuta a kan teburin kicin, in tana aiki ni kaɗai nake zama, ina tsinke alayyafo ina jiran a buɗe ƙofar nan ta gefen fili ya fito da gudu. Ban san yaren masu sharhi ba, amma na koyi gane lokacin da abu ya ɓaci: in na ga koci ya taso yana tafiya a hankali zuwa tudun, na san ɗana Yunusa za a kira. Kuma ya yi ƙoƙari, wannan ku riƙe shi da kyau. Sau da yawa an miƙa masa wasa yana cin wuta ya kashe. Da kocin ya ga haka sai ya maimaita abin da na sakandare ya yi: yau shi, gobe shi, jibi shi. In Safiya ta dawo takan sake kallon wasan tana tsayar da hoton, ta nuna mini da yatsa.

"Mama, dubi kafaɗarsa. Yana sauke ta don ya ɓoye ciwon. Allura suke yi masa kafin ya fito."

Da na ga yarinyar tana ramewa, sai na shirya na tafi Dagenham ni kaɗai. Na durƙusa gaban Alhaji kamar yadda na saba tun ina amarya, na ce Yaya, yaron nan ya nuna abin da ake so ya nuna, a yi masa sassauci, a aika masa cewa ya huta, magana tana nan. Ya ce, "Binta, ni na ce ya yi wasa da ciwo? Ni sana'a na ce ya nuna. Magana kuma ɗaya ce, sai ƙarshen shekara." Ladi tana zaune tana zuba masa shayi, ba ta ɗago kai ba. Na ɗauka kunyar mijinta take ji.

Wata Asabar ce a ƙarshen bazara, ni da Safiya da Aminu duk muna gida. Aka kira Yunusa abokan gaba sun cika fili. Ya fitar da mai kulki na farko, ya fitar da na biyu, jama'a suna ta rera waƙarsa. Ya yi jifa ɗaya ga na uku, ni ban ga komai ba, amma Safiya ta miƙe tsaye ta ce a hankali, "Ya tafi." Ya sake ɗaga hannu ya jefa, ƙwallon ta faɗi ƙasa tun ba ta kai rabin hanya ba. Ya tsuguna a kan tudun ya rungume gwiwar hannunsa a ciki. Da suka zo ɗaukarsa ya ƙi, ya tashi da kansa, ya cire hula da hagu, ya sunkuya wa 'yan kallo, sannan ya fita. Aka sa wani a madadinsa, wasa ya ci gaba. Wannan ne jifansa na ƙarshe. Kafin sanyi ya shigo ƙungiyar ta sallame shi, aka sake yi masa aiki, likita ya ce hannun zai yi amfanin yau da kullum amma ba zai ƙara miƙewa sosai ba.

Duk da haka ya dawo London, hannu a ɗaure cikin ƙarfe, ya ce dole ya je ya gaya wa Baffa da bakinsa cewa bai cika sharaɗi ba. Muka tafi. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, shi da aka cuta. Alhaji ya saurare shi, sannan ya ce da ni da Hausa, a gabansa, "To kin gani. Da ma wasa ne, yanzu babu wasan, babu hannun. Sai a yi haƙuri, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Na shige kicin. Ladi ta biyo ni tana rarrashi, kuma a cikin rarrashin ne ta saki abin da ya raba mu.

"Binta, ki kwantar da hankalinki, da ma ba yiwuwa zai yi ba. Tun ranar farko Alhaji ya ce ko yaron ya zama sarkin wasan ba zai kai ɗan Koriya gaban mutanen masallaci a matsayin suruki ba. Ya dai ce a tura shi can ne, nisa ya kashe maganar."

Na ce, "Tun ranar farko?"

Na ƙara matsa mata.

"Ranar da na zo na durƙusa ina roƙo, kina zuba shayi, kin sani?"

"Mijina ne, Binta. Me kike so in yi?"

"Waya ɗaya, Ladi. Ki ce mini Binta, ku gaya wa yaron nan ya daina kashe kansa. Ba wanda zai san ke kika faɗa."

Da Alhaji ya ce a'a tun farko, da na ji haushi, amma da na ce ra'ayinsa ne. Mutum yana da ikon ya ƙi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ɗora wa ɗan mutane sharaɗin ƙarya don shi ya tsira da mutuncinsa, ya zauna a kujerarsa a Dagenham yana jira, yaro yana can yana shan allura yana yayyaga jijiyarsa saboda ya ɗauki maganar dattijo da daraja. Kociyoyin da suka ci hannunsa aƙalla nasara suke nema. Shi Alhaji ba abin da yake nema sai kada a yi masa dariya bayan sallar Juma'a. Na fito falo na tsaya a tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na ce Yaya, na ji komai, kuma auren nan za a yi shi. Ya ce da waliccin wa? Na ce Allah zai kawo. Ya ce in na kuskura na tsallake shi, in ɗauka Sani bai bar ɗan'uwa a ƙasar nan ba. Na ce da Sani yana raye da ba a yi wa baƙo haka a gidan yayansa ba. Na kama hannun Yunusa na hagu muka fita.

Na je wajen wani malami da ba ya cikin jama'ar Alhaji, na zayyana masa komai. Ya ce ai ɗan'uwan yarinya shaƙiƙi, in baligi ne mai hankali, yana gaban baffa a walicci, ladabi ne kawai ya sa ake miƙa wa manya. Aminu a lokacin ya gama jami'a yana aiki. Na gaya masa abin da zai biyo baya: 'ya'yan Baffa da ya taso da su za su daina kula shi. Ya ce, "Mama, ina falon nan aka kira shi ɗan benci, ni aka gaya wa. Zan yi."

Game da takardar zama da matan nan suke faɗi, ku sani Yunusa so ya yi su zauna a Koriya, har tsohuwar makarantarsa ta yi masa tayin horar da yara. Safiya ce ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba bayan dangi sun juya mini baya. Shi ya baro ƙasarsa da uwarsa da garin da aka san sunansa, ya zo inda ba wanda ya san wasan ma, ya fara daga ɗaukar kaya a sito da hannu ɗaya da rabi, kafin ya samu aikin da yake yi yanzu a wurin motsa jiki. Ya koyi cin tuwo da dama don kada ya ba ni kunya gaban baƙi, alhali na san kai loma baki ciwo yake yi masa.

Aka sa biki farkon bazara. Na yi booking ɗin hall, na dafa abincin mutum da yawa, don shekaru na yi ina zuwa sunan kowa da bikin kowa da zaman makokin kowa. Ashe Alhaji ya riga ya zagaya yana hana mutane zuwa. Matan ƙungiyarmu ta Hausawa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa aiko da uzuri, wannan jikanta ba lafiya, waccan an canza mata shift. Waɗanda suka zo ba su cika tebur uku ba: abokan aikin Safiya, maƙwabciyata Maman Grace 'yar Jos da 'ya'yanta, malamin da mutanensa. Ladi ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Har ta koma ga Allah ba mu ƙara zama a ɗaki ɗaya ba, kuma na yi kukanta fiye da yadda zan iya gaya muku.

Uwar Yunusa ta zo bikin, kakarku ta can. 'Yar ƙaramar tsohuwa, hannuwanta duk sun faffashe da ruwan kifi, ba ta taɓa hawa jirgi ba sai ranar. A flat ɗina ta sauka. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, amma tare muka kwashe tukwanen shinkafar da ba a ci ba muka bi ƙofa-ƙofa a benenmu muna rabawa. Washegari da safe ta sa Safiya a gaba da tambayoyi, ta ce ɗanta ya ƙi gaya mata dalilin da ya sa ya koma fili bai warke ba. Safiya ta dube ni. Na ce gaya mata gaskiya, haƙƙinta ne. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta yi magana gajeriya.

"Me ta ce?"

"Ta ce tana son ta ga mutumin."

Safiya ta ce za ta bi mu ta yi tafinta. Na ce amarya ba ta fita, zauna. Na yafa mayafina, tsohuwar ta ɗaura ɗankwalin da na ba ta, muka hau bas muka sauka muka sake hawa har Dagenham. Na ƙwanƙwasa. Alhaji da kansa ya buɗe, da carbi a hannu. Kafin ya yi magana ta matsa gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba, ta fara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna gwiwar hannunta, ta nuna tsayin yaro ƙarami da tafinta, ta yi alamar ɗaure ƙanƙara, ta nuna ƙirjinsa da yatsa. Ta daɗe tana yi, hawaye yana zuba ba ta share ba, maƙwabcinsa Bature ya tsaya da wankin motarsa yana kallo. Alhaji ya ja baya har ya jingina da bango. Da ta gama ta gyara ɗankwalinta ta juya.

Ya ce, "Binta, me take cewa?"

Na ce, "Ka ji ta, Yaya. Kai ma ka ji ta."

Na kama hannunta muka koma tashar bas.